Daminar da Gwaggo Ta Daina Caji

Na san abin da kuke faɗa a bayan idona, saboda haka gara in faɗe shi da kaina tun ina da bakin faɗa. Kuna cewa ni na raba mahaifinku da taraktarsa, kuma tun daga lokacin bai sake zama mutumin da kuka sani ba. Rabin maganar gaskiya ne, ban musa ba. Sauran rabin ne ba ku sani ba, don a shekarar kowannenku yana can inda abinci ya kai shi. A cikinku Abba ne kaɗai ya leƙo, shi ma kwana ya yi ya juya Kaduna. To ku saurara, kuma kada wanda ya katse ni, ko a zuci ne.

Saboda jikokin da ba su tarar da ita ba, Gwaggo ba mutum ba ce, tarakta ce. Malam, mahaifinku, ya saye ta ne lokacin da kamfanin kuzar da yake yi wa aikin wayarin, wato haɗa wayoyin wutar mota, ya tattara nasa ya nasa, kuma tun a lokacin ta kwana biyu a duniya. Wai ja ce, amma ni ban taɓa ganin janta ba, launin tsohuwar tukunya na tarar da ita. Sunan kuwa ya samo asali daga ƙanwar mahaifinsa, wadda ba ta tashi da safe sai ta yi tari ta yi mita an lallashe ta. Haka ita ma. In sanyin Jos ya sauko, irin wanda ke sa ruwan randa ya ciji hannu, sai Malam ya karɓe min ruwan zafin da na dafa don koko ya kai mata. In na yi magana ya ce ai ta girme ni, ita ce gaba. Shekara da shekaru ina wanke warin man gas daga rigunansa ina tsaki, yau ga shi in babbar mota ta wuce na ji warin sai in tsaya cak a hanya kamar wadda aka kira.

Ku manyan kun san daɗinta. Ranar Salla ya ɗaura mata tirela, a shimfiɗa tabarmi, ya kwashe yaran layinmu na Rikkos kaf ya zaga da su gari, ni ina bakin ƙofa ina ta kashedin kada a ɓata sabon ɗinkin da na kwana a kan keke ina yi. In Kirsimeti ta zo kuma ya tafi ƙauyen Da Chollom ya ɗauko 'yan waƙar cocinsu, suna rerawa Gwaggo tana yi musu amshi da hayaƙi. Da Chollom abokinsa ne tun zamanin kuza. Gonar tasa ce, can gaban Bukuru kusa da wani tsohon kududdufin haƙar kuza, taraktar ta Malam, in an cire dankali kowa ya ja buhunansa, ban taɓa jin an ɗaga murya a kan rabo ba. Da dankalin nan aka yi muku makaranta, da shi aka rufa wa gidan nan kwano. Matarsa takan haɗo min acca da ganyen kabeji, ni in aika mata da zanen da na daje mata baki.

A shekarar da nake ba ku labari, Malam ya riga ya bar wa yaran da ya koya wa aiki rumfar wayarin da ya buɗe a Nasarawa Gwom. Ya ce ya gaji da motocin zamani masu kwamfuta a ciki. Abin da ya rage masa Gwaggo ce kawai. Da rani ɓeraye suka shiga rumfar da take kwana suka yi wa wayoyinta kaca-kaca, ya je kasuwa ya sayo sabbi, ya zauna shi kaɗai ya sake mata wayarin, ya naɗe komai da baƙin tef tsaf kamar yadda ya saba. Ruwan farko yana sauka ya tayar da ita, ta tashi lafiya lau. Bayan 'yan kwanaki ya murɗa makulli, ta yi wani nishi ta yi shiru. Aka kai batir wurin mai caji, aka dawo da shi, ta tashi, aka ɗan jima ya sake mutuwa. Gwaggo dai tana cin wuta ba ta mayarwa.

Da yake gidanmu a kan tudu yake, sai ya koma ajiye ta a bakin gangara, da safe ya saki birki ta gangara ya saki kuloci ta kama. Ran da ta ƙi kuwa sai mahautan da ke wucewa Abattoir su ajiye wuƙaƙensu su tura, suna tsokanarsa.

"Oga, ka kawo ta mu yanka kawai, ko fatar a samu."

"Naman ya fi ƙarfin haƙoranku," in ji shi.

Yana dariya, amma ni na san abin yana cinsa. Mutumin da garin nan ke kawo wa motar da ta gagari kowa, a ce tasa taraktar mahauta ke tura masa.

Akwai kuma abin da ni kaɗai na lura da shi, ko in ce na ɗauka ni kaɗai ce. Malam ya fara zuba shayi a gefen kofi. In an yi sallama sai ya jira an ƙara magana kafin ya ambaci suna. Ya daina karanta jarida, wai duk ƙarya ce a ciki. In na taɓo zancen ido sai ya ce tabarau ne ya tsufa, ko kuma ni ce na sauya wa kayan ɗaki wuri don neman magana. Kun dai san mahaifinku, in ya ce fari ne, to ka bar shi a fari in kana son zaman lafiya.

Wata ranar kasuwa Da Chollom ya zo, ya tarar Malam ya tafi masallaci. Maimakon ya zauna a zaure kamar kullum, sai ya tsaya a ƙofar kicin yana juya hula a hannu.

"Mama Abba, zan gaya maki wani magana, amma kar Oga ya ji daga bakina."

"Lafiya dai, Da?"

"Bara da ya zo huɗa, ya shiga shingen kyarana da tarakta. Matan ɗana yana wurin da goyo, da gudu ya tsira. Oga ya ce sitiyari ne. Ni na duba sitiyari, ba komai. Bana da na ji tarakta ya lalace, Allah ya gafarta mani, na ji daɗi."

Ya faɗi haka ya share ido da hular. Ni kuwa na tsorata, don hanyar ƙauyen nan na san ta, ga manyan motoci, ga 'yan makaranta a gefen titi.

Tun daga ranar na rufe keken ɗinkina na koma rumfar Gwaggo. Na ce masa zaman ɗaki ne ya ishe ni. Bai kore ni ba, abin da ya ba ni mamaki, don a da ko sifana na taɓa sai ya ce in je in taɓa almakashina. Matan layi suka samu abin faɗa, wai Asabe ta koma koyon kanikanci da furfura. Na ce su faɗa, bakinsu ne. Ina zaune a kan tsohuwar taya da mayafina, ya ce miƙo kaza in miƙa, ya ce riƙe nan in riƙe. A nan na gane cewa mutumin nan da na yi shekaru ina dafa wa tuwo malami ne na gaske, don ba ya taɓa abu sai ya faɗi dalili, kamar yana gaban yaran rumfarsa.

"Asabe, caji hanya ce kamar ta ruwan famfo. Dainamo ne rijiyar, batir ne randar. Wannan akwatin kuma, katawut, shi ne mai buɗewa da rufewa. In randa ba ta cika ba, ba ka fasa ta, sai ka bi hanyar tun daga tushe."

Haka muka bi. Ya danna bel ɗin da ke juya dainamo da babban yatsa, ya ce bai saki ba, amma duk da haka ya ƙara ɗaure shi. Ya kwance kawunan batir ya kankare farin gishirin da ya taru, ya shafa musu man giris. Ya bi wayar da ke ɗaure a jikin ƙarfe, wadda suke kira at, ya goge wurin da sanfefa har ya yi ƙyalli, ya ce rabin motocin da aka taɓa kawo masa tsatsar wurin nan ce kawai ciwonsu. Aka tayar, ya tambaye ni kamar da wasa ko allurar mitar da ke gaban sitiyari ta motsa. Na ce tana nan inda take. Ya ce ai ya gani, gwada ni yake yi.

Sai ya sauke dainamon ya buɗe cikinsa a kan buhu. Ya shafa 'yan guntayen gawayin da ke ɗaukar wuta a ciki ya ce sun ɗan cinye, ya sa aka nemo masa wasu ya goge su da hannu har suka zauna daidai. Ya mayar, ya cire bel, ya ba shi wuta kai tsaye daga batir, sai ga dainamo yana juyawa shi kaɗai, sumul. Malam ya yi murmushi, ya ce rijiya lafiyarta ƙalau. Saura katawut. Ya buɗe murfin ya goge bakin ƙarafunan ciki, bai yi ba. Ya aika har wurin masu tsofaffin kaya aka tono masa wani irinsa, ya kwance wayoyin ɗaya bayan ɗaya yana mayar da kowace ramin da ya ciro ta don kada ya rikice. Aka tayar. Allura ko gezau.

Yana da wani ƙwan fitila mai jela biyu da yake gwada wuta da shi. A da kallo ɗaya yake yi masa. Yanzu sai na ga yana dunƙule ƙwan a tafin hannu, yana jira ya ji ɗumi. Ranar da na fara ganin haka na ce zan duba tukunya, na shiga ɗaki na yi kukana na wanke fuska na dawo.

Yana da wani karatu da yake maimaitawa in yana bin wayoyin da yatsu, irin wanda ya koya wa yaransa har suka haddace.

"Rawaya daga babban noti zuwa rami na biyu. Koriya daga ƙaramin noti zuwa rami na farko. In ka riƙe wannan ba ka kunyata."

Na sha jinsa ban kula ba. Rannan ina riƙe masa murfin katawut yana faɗa, idona ya sauka a kan ramukan. Ni ban san dainamo ba, amma launi da shi na ci abinci. Wadda ta yi shekaru tana zaɓen zare ba a rikita mata rawaya da kore. A rami na farko rawaya ce zaune. A na biyu koriya. Na zaga wajen dainamo na leƙa, can komai daidai yake da karatunsa. Kaurinsu ɗaya, don daga ƙulli iri ɗaya ya sayo, hannu ba zai bambance su ba. Tun ranar da ya sake wayarin ya sauya musu wuri, kuma duk binciken da yake yi bai taɓa zargin wannan ba, don shi ya ɗaura da kansa.

Ban faɗa masa ba. Na ce bari in nemi shawara, na kira Abba a waya. Ya zo a ƙarshen mako, na ja shi bayan gida wajen igiyar shanya na faɗa masa komai, har da maganar Da Chollom.

"Mama, ai Allah ne ya kawo mana sauƙi. Ki yi shiru kawai."

"In yi shiru yaya?"

"In ba ta gyaru ba, ba zai hau titi da ita ba. Zai gaji ya haƙura. Ba wanda ya ce masa makaho, ba wanda ya ci masa fuska. In kika faɗa masa, ko dai ya gyara ya hau ya kashe wani, ko ya karaya gaba ɗaya. Don Allah ki bar ta ta mutu a haka."

Ban ga laifinsa ba a lokacin, yanzu ma ban gani ba. Maganarsa da hankali a ciki, kuma don son mahaifinsa ya yi ta. Na ce to. Ya koma Kaduna da kwanciyar rai, ya bar ni da wayoyi biyu a ido kullum safiya.

Abin da Abba bai gani ba shi ne abin da ya biyo baya. Malam bai gaji ba, bai kuma haƙura ba. Ya koma farko. Ya sake danna bel, ya sake goge at, ya sake sauke dainamon da shi da kansa ya ce lafiyarsa ƙalau. Ruwa yana ta zuba, har ƙanƙara aka yi wata la'asar ta farfasa min ganyen gwanda, mutane sun yi nisa da shuka, shi yana rumfa. Tuwo ya koma dawowa kamar yadda na kai shi. Barkwancin nan ya tafi. Mahauta in sun wuce suka yi masa kirari sai ya ɗaga hannu kawai. Ya fara tambayata abu ɗaya sau da yawa, ba don ya manta ba, don ya tabbatar bai manta ba. Mun goge nan jiya ko? Na ɗaure wancan ko ban ɗaure ba? In na ce ka ɗaure, sai ya sake taɓawa.

Ku manyan za ku tuna yayansa, Baba Audu, wanda ruɗewar tsufa ta kama. Mutum mai tsafta da fasali, ya koma tambayar matarsa ko ita 'yar gidan wa ce, ana kulle ƙofa don kada ya fice. Malam ne ya yi jinyarsa har ƙarshe, kuma ba ya son a tayar da zancen.

Wata ranar bayan azahar muna rumfa, ruwa na dukan kwano, ya ajiye sukudireba a hankali ya zauna a kan matakalar taraktar.

"Asabe, ina jin abin Yaya Audu ne ya zo min."

"Wane irin zance ne wannan, Malam?"

"Wayarin Gwaggo ko yaron da ya yi wata uku a rumfata zai yi shi. Wayoyi nawa ne duka? Na bi, na sake bi, komai daidai nake ganinsa, kuma ba daidai ba ne. Haka shi ma ya fara, yana rantsuwa ya rufe shago alhali a buɗe ya bar shi. In ya kai ni inda ya kai shi, kada ki bari yara su gan ni a haka. Ki kai ni ƙauye wurin Chollom."

Muryarsa ba ta rawa, kamar yana ba ni saƙon cefane. Wannan ne ya fi tayar min da hankali. Mutumin nan ya zauna shi kaɗai ya yanke wa kansa hukunci, har ya zaɓi inda za a ɓoye shi, ni kuma ina zaune a gabansa da amsar a bakina. Na tuna alkawarin da na yi wa Abba, na tuna surukar Da Chollom da goyonta. Na kuma ji haushi, wallahi, haushin kaina da na Abba da na Malam ɗin ma, da taurin kansa da ya kai mu nan. Na ce a raina, in dai sai ya rasa ɗaya, to ya san wanne ya rasa.

"Malam, maimaita min karatun nan naka."

Ya maimaita, ba kuskure ko ɗaya.

"To rawaya ce a rami na farko. Koriya tana na biyu."

"Ke kika taɓa?"

"Ban taɓa ba. Haka ka ɗaura su tun rani. Kanka lafiyarsa ƙalau, Malam, duk abin da ka faɗa daidai ne. Idonka ne ba ya gani. Ka sani, na sani, Da Chollom ma ya sani."

Ban taɓa yi masa magana irin wannan ba tun da aka kawo ni gidansa. Fuskarsa ta sauya. Na ɗauka zai kore ni, har na fara tattara mayafi.

"Tun yaushe kika gani?"

"An kwana biyu."

"Kika bar ni ina haƙilo."

"Na bar ka. Ina tsoron ka gyara ka hau titi."

Ruwan ya fara tsagaitawa. Sannan ya miƙe, ya laluba ƙwan gwajinsa. Ko a nan bai yarda da bakina ba, kuma na ji daɗin hakan, don Malam ɗin da na sani ke nan. Ya kwance wayar babban noti daga dainamo, ya sa na riƙe bakinta a kan batir. Ya zare wayoyin biyu daga katawut, ya ɗora jelar ƙwan a kan ta rami na biyu, ya dunƙule hannu. Muka jira. Ba ɗumi. Ya mayar kan ta rami na farko. Ni ina ganin haske yana fitowa ta tsakanin yatsunsa, ja-ja, shi yana tsaye yana jira. Da ɗumin ya kai masa sai ya sunkuyar da kai.

"Ikon Allah," ya ce. "Ashe da hannuna."

Ya sauya su. Bai nemi in nuna masa ba, ya riƙe kowace da yatsa bai sake ta ba sai da ya ɗaure. Ya sake goge bakin ƙarafunan katawut, ya ɗan kyasta wa dainamo wuta daga batir, ya ce don ya tuna hanyarsa. Batir ɗin da sauran ƙarfinsa, don ba a daɗe da dawo da shi daga caji ba. Ya hau, ya murɗa, Gwaggo ta yi tarinta ta kama. Ya ƙara mata mai a hankali, ya karkata kunne wajen akwatin. Ni ban ji komai ba cikin wannan ƙara, amma shi ya ji, don na ga kafaɗunsa sun sauka.

"Katawut ya rufe. Asabe, duba min allura."

Wannan karon bai ce gwada ni yake yi ba.

"Ta tafi dama, Malam. Tana rawa kaɗan, amma tana dama."

"Tana caji ke nan."

Ya bar ta tana aiki, hannunsa a kan sitiyari, yana fuskantar ƙofar rumfa da gangarar da ke bayanta. Ƙofar a buɗe take, ruwa ya ɗauke, ba abin da zai hana shi sa giya. Ni dai ina tsaye, na riga na faɗi iyakar abin da nake da shi. Yara suna ta wasa da ruwan kwata a kan hanyar, ina jin ihunsu, na san shi ma yana ji. Ya daɗe a haka. Sannan ya ja abin kashewa, Gwaggo ta yi shiru.

"Ki aika wa Chollom ya turo ɗansa gobe. Shuka ta yi nisa, amma za a samu na baya."

Washegari ɗan Da Chollom ya zo ya tafi da ita. Malam bai fito ba, yana ɗaki yana jin ƙararta har ta sha kwana. Likita daga baya ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ya tafi. Kuma gaskiyarku ne, ya tsufa da sauri bayan nan. Ya yi fushi da ni ma, fushi mai tsawo, sai da aka cire dankalin shekarar kafin ya koma kiran sunana ba tare da dalili ba. Abba ya kira ni ya ce na karya alkawari, na ce na karya. Ba daɗi na ji ba. Ni na rasa mijin da ke dawowa da yamma yana warin man gas yana neman abin tsokana, kuma na san bakina ne ya jawo.

Amma ku da kuke zuwa Salla kuna ganin tsoho a zaure da sanda, ba ku ga sauran ranakun ba. Tsoffin yaransa na Nasarawa Gwom sun koma zuwa da motocin da suka gagare su, su faɗa masa abin da take yi, ya tambaye su launin waya, ya ce su duba wuri kaza, su dawo suna dariya. Har ya bar duniya bai manta sunan jika ko ɗaya ba, bai kuma sake tambayata ko ya ɗaure abu ko bai ɗaure ba. A ciwonsa na ƙarshe, wata safiya ina ba shi koko a cokali, ya riƙe min wuyan hannu.

"Asabe, da kin bi ta Abba, da na mutu ina zaton na haukace."

Na ce ya sha kokonsa kafin ya huce.